Tambaya ga manyan direbobi: me ake dubawa a jikin tirela idan an tare ta a hanya?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ba direba ba ne, malamin makaranta ne, ko sitiyarin babbar mota ban taɓa riƙewa ba. Bara Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, cikin abin da ya bari akwai babbar mota ƙirar DAF guda ɗaya mai jan bodi. Tana ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa Legas, ta dawo da duk lodin da ɗan kamasho ya samo mata. 'Yan'uwa suka ce kada a sayar, a bar ta tana juyawa ana riƙe iyayenmu mata da ƙannenmu, kuma ni aka ɗora wa lissafinta wai don ni ne ɗan boko.

Abin da ya hana ni sakat shi ne layin da direba yake rubutawa a littafi da sunan "kuɗin hanya". Kullum ƙaruwa yake, kuma babu rasit ko ɗaya. A tafiyar da ta wuce ya bugo mini waya cewa wasu masu kaki sun tsare shi gaba da Mokwa tun da hantsi har bayan la'asar. Laifin da suka karanto masa: tayoyi biyu na baya sun suɗe, tef ɗin nan mai ƙyalli na jikin bodi ya goge, tulun kashe gobara kuma babu komai a cikinsa. Na tura kuɗi, aka sake shi. Da ya dawo sai ya ƙara da cewa tayoyin gaba ma a canza su, alhali ni da idona na gani suna da sauran zane, na ce ya bari tukuna.

To ina son waɗanda suka san hanya su fayyace mini. Wa ke da ikon tare babbar mota, kuma me doka ta ce ya duba? Ina ne iyakar gaskiyar direba, ina ne ya fara yi mini wayo don ya ga ban san komai ba? Direban nan ya daɗe da mahaifina, ba na son in zarge shi a kan zato.

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya kyautata namu zuwan.

Ɗana, tun ana bin hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina da dare ba fargaba nake jan tirela, har gwiwa ta ajiye ni. Zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba, ka yi haƙuri da bakin tsoho.

Kuɗin hanya gaskiya ne. Tsakanin Kano da Legas wajen kilomita 1,000 ne, kuma yanzu da yawancin yara suke kewayawa ta Suleja su bi Lambata, Agaie, Bida su faɗa Mokwa, ba za ka iya ƙirga shingen da ke hanya ba. Wani takarda yake nema, wani lodi yake leƙawa, wani ɗan ƙaramar hukuma ne da sanda mai ƙusoshi da sitika a hannu, wani kuma ko kallon motar ba ya yi, hannu kawai yake miƙowa. Ko direbanka yana ɗora wani abu a kai? Mai yiwuwa. Ɗan na goro ba ya rasa shiga aljihu, ni ma ba zan rantse wa kowa ba. Amma ba nan kuɗinku zai tafi ba.

Inda kuɗinku zai tafi, har da ran bawan Allah da na yaron motarsa, shi ne wannan "bari tukuna" da ka ce a kan tayar gaba. Direban da ya daɗe a mota yana jin tayar gaba a tafin hannunsa kafin ido ya gani. Idan tayar bodi ta fashe, akwai 'yar'uwarta kusa da ita, za ka ji ƙara, ka lallaɓa ka sauka gefe. Idan ta gaba ta fashe kana ɗauke da buhu ɗari shida, sitiyari fizge kansa yake yi daga hannunka, babu ƙarfin damtsen da zai dawo da shi. Mutumin da ya zo da bakinsa ya ce a canza masa tayar gaba ba ɓarawo ba ne, mai son ya koma wa 'ya'yansa ne.

Kuma ka lura da abin da aka kama shi da shi: taya, tef, tulun gobara. Duk abin da ake gani daga tsaye ne, ba sai an sunkuya ba. Babu wanda ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci. A iya zamana a hanya, barci ya kashe abokaina fiye da yadda birki ya kashe. Mai mota yana bugo waya yana cewa ina ka kai, mai kaya yana bugowa yana cewa kasuwa za ta faɗi, kuɗin abinci an ƙayyade na kwana kaza, in ka wuce daga aljihunka. Sai yaro ya cika baki da goro, ya kora da shayi mai kauri, in bai da tsoron Allah ya haɗa da tiramol. Ido a buɗe, kai a mace. Wanda ya yi irin wannan tuƙin zai gaya maka yakan wuce gari guda bai san ya wuce ba. Ni na sha tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, mai mota na zagi, in ce masa ya zo ya ja da kansa.

Sai ka tambayi direbanka abu guda, cikin raha ba cikin tuhuma ba: yana ɗaukar fasinja a saman lodi? Idan kuɗin da kake ba shi bai isa ba, da nan yake cikewa. Mutum talatin, arba'in a kan buhuna, wani lokaci tare da shanu da babura. Ranar da mota ta kwanta, su ne a ƙasa, kaya a kansu.

Mai Ritaya ya amsa:

Malam, Allah Ya gafarta wa mahaifi. Aikin kiyaye haɗurra na yi har na ajiye, bari in ba ka ɓangaren doka, don Baba ya riga ya ba ka na hanya.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda kowa ke kira Road Safety, an kafa ta a 1988, kuma dokar da take aiki da ita yanzu ta 2007 ce. Tana da ikon tsayar da mota ta duba ta da direbanta. 'Yan VIO na jihohi ne da Abuja, asalin aikinsu gwada lafiyar mota da ba da takardar shaidar ta cancanci hawa titi. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa VIO na Abuja ba su da ikon tare mota a hanya, ko kwace ta, ko cin tara, shi ya sa za ka ji direbobi na ta ambaton hukuncin. Sannan jihohi na da nasu, kamar KAROTA a Kano da LASTMA a Legas, kowa da dokar jiharsa. 'Yan sanda, kwastam da NDLEA kowanne da abin da ya fito nema.

A wajen direba, abu na farko lasisi ne, kuma ba kowane lasisi ba. Mai jan tirela ajin G ake bukata ya riƙe. Da yawa suna yawo da na ƙaramar mota, wasu kuma na bogi da aka buga musu a bayan tasha. Ka karɓi nasa ka duba harafin da ranar ƙarewa. Sai takardun mota, da shaidar lafiyarta, da inshora. Tun 1 ga Janairun 2023 inshorar dole ta manyan motocin dakon kaya naira 100,000 ce a shekara, don haka duk wanda ya kawo maka ta dubu goma, takarda kawai ya sayar maka.

A jikin mota ana duba taya, fitilu da sigina, gilashi da madubai, tef mai ƙyalli, alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta lalace, tamfol da ɗaurin kaya, da tulun gobara. Tirela tulu biyu ake so, kowanne mai kilo 9, kuma allurar kansa tana kan kore. Akwai kuma na'urar ƙayyade gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya tun 1 ga Fabrairun 2017. Tirela da tanka kilomita 60 a awa aka yarje musu a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a kan sauran manyan hanyoyi. Ka tambayi kowane direba ko ya san haka, dariya zai yi maka.

Game da tayarka mai "sauran zane": ka je gefen tayar ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Ƙa'idar da hukuma ke wa'azi da ita shekara huɗu ce daga ranar ƙira. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau amma robar ta bushe, ta sha sanyin Turai ta zo ta tarar da kwaltar Afrilu.

Yanzu ga abin da zai ba ka haushi. A jadawalin tarar da aka daɗe ana aiki da shi, laifin taya naira 3,000 ne, rashin tulun gobara 3,000, lodi fiye da kima 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Ana rubuta tikiti, a biya ta banki zuwa asusun gwamnati, ba a hannun jami'i ba. Kwatanta da abin da ka tura. Sau da yawa abin da direba ke bayarwa don kada a rubuta shi ya fi tarar kanta, saboda abin da yake tsoro ba tarar ba ce, kwanan da mota za ta yi a tsare ne. Ka gaya masa daga yau duk wanda ya kama shi ya rubuta, ya ɗauki hoton tikitin ya turo maka.

Zan kuma yarda da Baba a abu guda. Jami'in da ke tsaye a rana da littafi da biro ba shi da abin gwada birki. Inda binciken ya fi ma'ana shi ne kafin mota ta tashi, kamar yadda aka tsara a defo-defon mai, a duba tanka kafin a yi mata lodi. Bayan gobarar Majiya a Jigawa a Oktoban 2024 da ta mahaɗar Dikko a Neja a Janairun 2025 ne aka hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris na 2025. Motocin hatsi da na shanu kuwa babu mai duba su a inda suke tashi.

Hajiyar Kwanar Gafan ta amsa:

Baba Tsohon Direba, ka ɗora mana laifi mu masu kaya, to mu ma a ji namu. Ni tumatir da attaruhu nake turawa kasuwar Mile 12 ta Legas. Mota ta kwana ɗaya a tsare, kwando ya fara zubar da ruwa, wa zai biya ni? Ba mai mota ba, ba mai kaki ba. Ban taɓa ce wa direba kada ya yi barci ba, abin da nake cewa a ba ni mota mai direba biyu, in biya ƙari. Masu motocin ne ba sa so, sai su sa yaron mota da bai iya komai ba a matsayin na biyun. Malam, in kana son masu kaya irina su riƙa neman motarka, ka gyara ta yadda ba za a sami abin tsare ta ba.

Bakaniken Iska ya amsa:

Salam. Ni aikina birkin iska ne, a garejin manyan motoci nake tun ina yaro. Oga Mai Ritaya ya yi gaskiya, ba a gwada birki a shinge. Amma kai Malam za ka iya gwada na motarku da kanka ba tare da ka iya tuƙi ba, minti goma ya isa.

Ka sa a tsayar da ita a fili mai daidai, a sa waigi a tayoyi. Direba ya tayar, ku zuba wa agogon iska ido har allura ta hau wajen 8. In ta daɗe tana jan jiki kafin ta kai, kwamfireso ya gaji ko akwai yoyo. Sai ya kashe inji, ya saki birkin hannu, ya taka birki ya riƙe minti ɗaya. Allura za ta ɗan sauka sau ɗaya ta tsaya. In ta ci gaba da zamewa, kai kuma ka zagaya ka kasa kunne, za ka ji "sssss" a wani wuri, yawanci wajen bututun nan biyu, ja da rawaya, da suka haɗa kan mota da bodi. Daga nan ka sa yaron mota ya ja zoben da ke ƙasan tankin iska. Iska ce kawai ya kamata ta fito. In ruwa ya zubo, ko wani baƙin abu mai maiƙo, to ba a tsiyaye tankin.

Gwaji na biyu shi ne wanda yake tona asiri. Ka hau ku yi tafiya kaɗan da lodi, ya yi ta taka birki, sannan ku tsaya. Ka bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya kana kai bayan hannunka kusa da dirom, wato gangar ƙarfen birki da ke cikin taya, kada ka taɓa, yana ƙuna. Kowanne ya kamata ya yi ɗumi. Wanda ka ji shi sanyi ƙalau, birkinsa ba ya aiki. Abin da ake yi a hanya shi ne, in tukunyar birki ɗaya ta fara yoyo, sai a lanƙwasa bututunta a ɗaure da roba ko a toshe shi, a ce sai an isa gari. An isa gari an manta. Wata mota aka kawo mini kwanaki, bodinta gaba ɗaya ba birki, kan motar ne kaɗai ke tsayar da kusan tan arba'in, kuma ta taho tun daga kudu da takardunta cif, ta wuce kowane shinge. A fili ba za ka gane ba. Sai an zo gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, layinin birki ya ɗau zafi, a taka a ji ba komai. Sai ka ji a rediyo an ce birki ya tsinke. Ba tsinkewa ya yi ba, da ma rabinsa aka fito da shi.

Ka kuma kalli notocin taya. In ka ga zanen tsatsa ya fito daga noti ya miƙe, noti ya saki. Ka kalli zanen tayar bodi da kyau, in ka ga bai yi daidai ba, gefensa da kaushi, to sassaƙa ta aka yi da wuƙa mai zafi don ta yi kama da mai rai.

Abin dariya, DAF ɗinku daga Turai ta zo da na'ura a gaban direba mai rubuta awannin tuƙi. A can in ka yi awa huɗu da rabi dole ka huta minti 45, kuma ita jami'i ke fara dubawa in ya tare ka. A nan wayarta muke fara cirewa in mota ta sauka, wasu ma a ramin suke ajiye caja.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Sannunku 'yan'uwa. Mu nan wajenmu abin da ya fi ci muna tuwo a ƙwarya shi ne sikeli. Akwai dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta 2005 kan nauyi, kamiyo mai gatari shida bai wuce tan 51 har da nauyin kanshi. In an ka ɗora ka an ka ga ka zarce, tara ce, kuma suna iya cewa a sauke rarar kayan nan take. Jandarmomi kuwa permi (lasisi), karti giris (takardar mota), asiransi (inshora) da takardar bizit (shaidar lafiyar mota) su ka fi tambaya. Malam, in wata rana motarku za ta shigo ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, kada ku yi muna lodin Dawanau na "ƙara buhu hamsin, Allah na nan". Kuma abin da bakanike ya faɗi na toshe birki, wallahi nan ma ana yi.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na ji, kuma ban ji haushi ba. Na je na duba tayoyin gaban, ɗaya 2018 ce ɗaya 2019. Lasisin direba ajin G ne, bai ƙare ba. Maganar fasinja kuwa dariya kawai ya yi ya sosa ƙeya.

Sai dai akwai abin da ku ma ya kamata ku duba. Abin da mota ke kawowa bayan an cire gas, kamasho da kuɗin direba, gida biyu ne ke jiransa. Ba zan iya canza taya, in gyara birki, in sayi tulu biyu, in ɗauki direba na biyu duk a wata ɗaya ba, kuma in ta tsaya babu abin da zai shigo. Wanne zan fara? Kuma tayar gwanjo mai kyau ba za ta yi a gaba ba ko na ɗan lokaci ne?

Bakaniken Iska ya sake amsawa:

Gwanjo ba ta zuwa gaba, Malam, ko mai faci ya rantse maka. Sababbi biyu, iri ɗaya, girma ɗaya. Waɗanda ka cire, in ba su tsage a gefe ba, a mayar da mai dama-dama safaya, kada a zubar. Suɗaɗɗun nan biyu na baya su ne za ka iya musanyawa da gwanjo mai ƙarancin shekaru, ka karanta lambar da kanka tunda yanzu ka iya.

Birki kuma ka yi gwajin tukuna kafin ka tsorata. Sau da yawa robar cikin tukunya ce ko bututu, ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma aikin yini guda ne. Tulun da kake da shi cika shi ake yi, ba sai ka sayi sabo ba, ka ƙaro ɗaya daga baya. Tef a kasuwar kayan mota ake sayarwa da yadi, yaron mota ma zai liƙa, a dai wanke bodin ya bushe kafin a manna, in ba haka ba kafin Zariya ya ɓaɓɓako.

Direba na biyu ka bar shi sai mota ta numfasa. Kafin nan ka ƙara masa kuɗin abinci na kwana ɗaya a kan wanda ake ba shi, ka ce na kwanan hanya ne, kuma ka daina kiransa bayan isha'i.